Zagayen Adar bisa keke: hanyar albasa da kuɗin da ke wuce mu a guje

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na bakin kasuwa, yau hirarmu ta keke ce, amma ciniki ne a ƙarƙashinta. A ƙasar Faransa, a yankin Alzas, tun shekarar 1953 aka shata wata hanya da ke ratsa gonakin inabi da tsofaffin garuruwa, baƙi kuma na bin irin waɗannan hanyoyi bisa keke, suna tsayawa ƙauye-ƙauye suna ci suna sha suna kwana. Mu ba ruwanmu da giyarsu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne inda kuɗin ke faɗawa. Mai mota ya kan wuce ƙauye ya bar masa ƙura, shi kuwa mai keke dole ya tsaya, don ƙishirwa da yunwa ba su barin sa ya yi nisa.

To mu ma a jihar Tawa muna da irin wannan hanya, sai dai tamu gonar ta albasa ce. Mutum zai tashi daga Madawa ya nufi Buza, ya wuce Keita da Tamaske ya shiga Tawa, sannan ya gangaro kudu ta Badagishiri zuwa Tsarnawa, ya kama babbar hanya ta Malbaza da Galmi ya komo Madawa. Zagayen ya haura kilomita 300. Ga mai matsakaicin ƙarfi, kwana shida ko bakwai ne ba tare da gaggawa ba. Lokacinsa kuwa Disamba da Janairu, sa'ad da sanyi ya sauka, fadamu suka yi kore shar. Sai dai a sani iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa: ranar farko da ta ƙarshe za a sha ta a fuska, tsakiyar tafiya kuma ita ce za ta riƙa tura mutum.

Daga Madawa, garin tabarmin kaba, ido zai fara cika da fadamar Tarka da fangalin albasa. Ƙasar nan ta ga yaƙi, domin a yankin Galma ne Buzayen Kel Gres suka gwabza da sojan Faransa a 1901. In aka hau tudun Buza kuma sai kwarin Majiya, inda tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa dogon yaro layi-layi don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Nan ne hawa ya fi yawa, wanda bai saba ba ya sauka ya tura, ba abin kunya ba ne.

Amma inda muke so a fi daɗewa shi ne Keita. A 1984, shekarar fari da yunwa, an buɗe babban aikin raya karkara da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya, PAM. Maza da yawa sun tafi cin rani, saboda haka mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin. Su suka ɗauko duwatsu a ka, suka jera su a gefen tuddai don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa, suka haƙa ramuka a fako suka dasa itatuwa miliyoyi, ladansu kuwa abinci. Wanda ya ratsa a mota ba ya ganin komi sai kore daga nesa. Wanda ke bisa keke zai ga jerin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, zai ga madatsun ruwa, zai iya tsayawa ya gaida tsohuwar da ta yi aikin da hannunta ta ba shi labari. A ganinmu wannan tarihi bai gaza na kowace ganuwa ba, kuma har yau ba mu ga an kafa ko allon kirki da zai sa baƙo ya san wa ya yi wahalar ba.

A hanyar komowa akwai abu biyu da suka cancanci ratse. Na farko Illela, mazaunin Sarkin Adar, sarautar da asalinta ke komawa ga Agabba ɗan Sarkin Agadas. Na biyu masallacin Juma'a na Yama, ginin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Mutanen waje sun san shi a littattafai, da yawa daga cikinmu kuwa ba mu taɓa taka ƙofarsa ba. Daga nan sai Malbaza mai siminti, sai Galmi da ta ba albasarmu sunan da aka san ta da shi har Abijan da Akara.

Kada mu ruɗi kanmu da jiran Nasara. Matsalar tsaro ta rage baƙin waje ƙwarai, kuma ko ɗan gida bai kamata ya yi tafiyar dare ko ya tafi shi kaɗai ba. A tafi ƙungiya, a sanar da hukuma da masu gari. Waɗanda za su fara bin hanyar nan 'ya'yanmu ne: ɗalibai lokacin hutu, malaman makaranta, matasan fada. Matasa ashirin in suka sauka ƙauye da hantsi, mai fura da mai ƙosai da mai shayi da mai faci duk sun yi ciniki, kuma kuɗi ne a hannu, ba bashi ba kamar na dillalin albasa da ke cewa sai mota ta dawo.

Abin da ake bukata daga 'yan kasuwa bai da yawa: ruwan sha mai tsabta a rufe, rumfa da tabarma, da guzurin da ba ya lalacewa a jaka, irin su cuku da kilishi da dabino. Magadan garin Madawa da Buza da Keita kuma su zauna su tsaida mako guda cikin sanyi, a sanar ta gidajen rediyo tun da wuri, don mata su san ranar da za su ƙara kwaɓi.