Tsohon Kakakin Turawa da Siririyar Murya

A cikin babbar ƙungiyar kiɗan jaz ta Amurka akan sami masu busa kakakin Turawa, wato tirampet, mutum huɗu ko biyar a sahun baya. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora. Aikinsa shi ne ya busa muryar da ta fi kowace tsayi, wadda za ta keta ta saman ganguna da sauran kayan busa har na ƙarshen zaure ya ji. Irin wannan mabushi yakan daɗe yana neman kakakin da zai dace da shi, kuma da yawa sukan koma ga tsofaffin da aka ƙera tsakanin 1940 da 1970. Kafin a gane abin da suke nema, sai an san inda muryar take fitowa.

Ba ƙarfen ne yake yin sauti ba. Leɓɓan mabushi ne suke karkarwa, suna buɗewa suna rufewa, kamar yadda na mai busa kakakin sarki suke yi a ƙofar fada. Bututun tagulla, wanda in an miƙe shi zai kai kusan mita ɗaya da rabi, yana mayar da wani kaso na sautin zuwa ga leɓe, ya taimake shi ya tsaya a kan murya guda. Muryar da ake ɗauka ƙofar shiga fagen jagora tana bukatar leɓe ya kaɗa sau 932 a daƙiƙa ɗaya. Gwanaye irin su Cat Anderson na ƙungiyar Duke Ellington, da Maynard Ferguson ɗan ƙasar Kanada, sukan ninka wannan, wato fiye da sau 1,800. To, a nan gizo yake saƙa: gwargwadon yadda murya ta yi sama, gwargwadon yadda sautin yake ficewa ta faffaɗan bakin kakakin ba tare da ya komo ba. A can ƙololuwa kakaki ya kusa zama bututun ƙara murya kawai, leɓe da numfashi su ne da sauran aikin.

Jiki kuwa yana biyan kuɗin wannan aiki. Tsokar da ta kewaye baki kamar zobe ita ce take ɗaure leɓɓa, tsokokin ciki da na haƙarƙari suna matso iska daga huhu. Awon da masana suka yi ya nuna matsin iska a bakin ƙwararren mabushi yana iya wuce matsin jinin lafiyayyen mutum. Idan matsi ya yi yawa haka a ƙirji, jinin da yake komawa zuciya yakan ragu, ƙwaƙwalwa ta sami ƙarancinsa na ɗan lokaci. Shi ya sa wasu sukan ji jiri, har su faɗi, bayan doguwar murya ta sama. Leɓe ma yana tsagewa. Louis Armstrong ya ajiye kakaki na watanni a tsakiyar shekarun 1930 saboda ciwon leɓe, kuma Freddie Hubbard bai ƙara komawa ƙarfinsa na da ba bayan leɓensa na sama ya tsage a 1992. Saboda haka zaɓen kakaki ba ado ba ne. Wanda yake ɓarnar iska zai sa mai shi ya riƙa danna ƙarfe a leɓe da ƙarfi don ya cike giɓi, kuma ta nan rauni yake shiga.

Da yawa daga cikin tsofaffin kakakin da ake yayi daga garin Elkhart na Jihar Indiyana suka fito, inda kamfanonin Conn da Martin suke a wancan lokaci. Vincent Bach ya yi nasa a Niyok, ya koma Mount Vernon a 1953, kafin a mayar da aikin Elkhart a 1965. Kowane da halinsa. Martin Committee, wanda Miles Davis ya yi suna da shi, yana da murya mai taushi da duhu, kuma ba ya ɗaure mabushi a kan murya guda; wannan alheri ne ga mai son lanƙwasa sauti, amma wahala ce ga jagoran da ake so ya faɗa daidai kan murya tun bugun farko. Conn Connstellation 38B kuwa an san shi da tsayuwar murya da kaifi.

Mutane sukan yi gardama a kan faɗin ramin bututu, ana cewa matsattse ya fi sauƙin hawa sama. Akwai ƙanshin gaskiya, domin matsattsen rami yakan ɗan tokare iska, mabushi ya sami abin jingina. Amma a dubi Ferguson: ya yi shekaru da Connstellation mai rami kusan milimita 11.1, daga baya ya koma na kamfanin Holton mai kusan milimita 11.9, kuma bai fasa hawa ba. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba. Abin da ya fi tasiri shi ne ɗan kofin da ake ɗorawa a leɓe. Kofi marar zurfi yana ƙarfafa siraran muryoyi, shi ya sa jagorori suka fi son sa. Wanda ya gwada tsohon kakaki ba da kofin da ya saba da shi ba, bai gwada komai ba.

Sai kuma tsufa. Kakaki yana da bawul uku, irin ƙirar da Bafaranshe François Périnet ya fito da ita a 1839. Kowane yana hawa da sauka cikin gidansa, kuma bayan shekara hamsin ana dannawa sai ya sassauta, iska ta riƙa zurarewa ta gefe. A ƙananan muryoyi ba a cika lura ba. A sama ne murya take zamewa. Gwajin mai sauƙi ne: a jawo ƙaramin bututun da yake manne da bawul ba tare da an danna shi ba, sa'an nan a danna. Idan aka ji "fat", yana riƙe iska. Idan shiru, sai gyara, kuma sake yi wa bawul rufi yana iya lashe kuɗin da ya kusa na kakakin kansa.

Haka nan a duba bututun farko, wanda kofi yake shiga. Tagullar kakaki jan ƙarfe ne kashi 70 da tutiya kashi 30 a mafi yawan lokaci. Danshin numfashi da yawu sukan cinye tutiyar daga ciki, su bar jan ƙarfe mai raɓe-raɓe. Alamarsa jajayen ɗige-ɗige a waje, kuma in sun bayyana ɓarnar ta riga ta ratso bangon bututun. Ana iya sauya shi, sai dai sabon bututu yakan sauya halin kakakin da aka saya domin halinsa.

Gwaji na ƙarshe ba a minti biyar ake yin sa ba. Da leɓe sabo kowane kakaki zai hau. Sai an yi kamar sa'a guda ana busa, tsoka ta gaji, sa'an nan a sa wani ya tsaya nesa ya saurara, domin abin da mabushi yake ji a bayan kakaki ba shi ne yake isa ƙarshen zaure ba.