Jibin Ubangiji: Gurasa Ɗaya, Fahimta Huɗu

Yau za mu duba wata muhawara da ta daɗe tana raba kan Kiristoci, wato batun Jibin Ubangiji, inda ake cin gurasa a sha ruwan inabi a coci.

Asalin abin, Linjila ta rawaito cewa a daren da aka kama Yesu, ya ba almajiransa gurasa ya kira ta jikinsa, ya ba su ƙoƙon ruwan inabi ya kira shi jininsa, ya kuma umarce su da su riƙa yin haka don tunawa da shi. To, a nan gizo ke saƙar: zahiri yake nufi, ko misali?

Katolika sun ce zahiri ne. A wurinsu, da zarar fada ya yi addu'ar tsarkakewa, ainihin gurasar ya koma jikin Almasihu, ko da yake kamanni da ɗanɗano ba su canza ba. Majalisar Lateran ta 1215 ta faɗi haka, ta Trent ta sake jaddadawa a 1551. Shi ya sa suke durƙusawa a gabanta, suke kuma adana wadda ta rage a wuri na musamman.

Martin Luther, duk da ya raba gari da Paparoma, bai bar wannan gaba ɗaya ba. Ya ce gurasa tana nan a gurasarta, amma jikin Almasihu yana tare da ita da gaske. Shi kuwa Zwingli na birnin Zurich cewa ya yi alama ce ta tunawa. Hujjarsa? Yesu ya kira kansa ƙofa, kuma ba wanda ya ɗauka katako yake nufi. Daga baya John Calvin ya bi tsakiya: Almasihu yana nan da gaske, amma a ruhaniya, mai bi yana karɓarsa ta bangaskiya.

Kar ku ɗauka gardamar malamai ce kawai. A watan Oktoba na 1529, Philip, mai mulkin Hesse a Jamus, ya haɗa Luther da Zwingli a Marburg, yana so Furotesta su haɗa kai a gaban Sarki Charles na Biyar. Cikin batutuwa 15 sun daidaita a kan 14, na ƙarshen ya gagara. Aka tashi baram-baram. Sai a 1973, da yarjejeniyar Leuenberg, yawancin magadan ɓangarorin biyu a Turai suka amince su ci jibin tare.

Har gobe abin yana taɓa rayuwa. A ɗaurin aure a cocin Katolika, za ka ga ɗan Baptis ko ɗan ECWA yana zaune lokacin da ake karɓa. Wani sai ya ce wariya ce. Su kuwa Katolika na ganin karɓar shaida ce ta cewa an yarda da koyarwa ɗaya. Shi ma baƙon, in ya karɓa, ya amsa abin da zuciyarsa ba ta gamsu da shi ba ke nan.

Don haka kafin ka ce wani ya raina ka ko ya ɓata, tambaye shi me gurasar nan take a wurinsa.