Rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33 zuwa 4? Ga yadda ake lissafin

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne cikin 100 a watanni ukun farko na shekarar. Rahotonta na baya, na ƙarshen 2020, kashi 33.3 ya ce. Idan ka ji haka ka ce "a wace Najeriyar?", ba kai kaɗai ba ne. Mudun awon ne aka canza.

Wane ne marar aikin yi?

A wajen masana tattalin arziki sai ka cika sharuɗɗa uku: ba ka aikin komai, kana nema, kuma in an kira ka a shirye kake ka fara. Ɗalibi ba ya ciki. Wanda ya gaji da kai takardu ofis-ofis ya haƙura, shi ma an cire shi. Kason kuma ba daga jama'ar ƙasa duka ake fitar da shi ba, daga masu aiki ne da masu nema.

Me aka canza?

A da, wanda aikinsa bai kai sa'a 20 a mako ba marar aiki ake lissafa shi. Yanzu sa'a ɗaya ta wadatar, muddin an yi ta cikin kwana bakwai da suka wuce don lada ko riba. Matashi mai digiri da ya ari babur ɗin wansa ranar kasuwa ya yi acaɓa, ya samu na sabulu, ma'aikaci ne. Haka baiwar Allah da ke suyar awara a ƙofar gida bayan la'asar.

To ba rufa-rufa ba ce?

A'a. Ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, ILO, kuma da shi akasarin ƙasashe ke aiki don a iya kwatanta wannan da waccan. Sai dai riga ce da ta fi zama daidai a jikin ƙasashe masu albashi.

Ga dalili. Tattalin arziki hawa da sauka yake yi. Idan abin da ƙasa ke samarwa ya ragu wata shida a jere, shi ake kira koma-baya. A Amurka irin wannan lokaci kamfanoni kan sallami ma'aikata, gwamnati ta riƙa ba su ɗan alawus suna neman wani aikin. Shi ya sa rashin aikin yi a can ya kai kashi 10 a 2009. Najeriya ma ta shiga koma-baya a 2016 da 2020, amma a nan wa zai ciyar da kai in ka zauna? Wanda masana'anta ta sallama gobe za ka gan shi da baro a bakin kasuwa. A takarda yana da aiki, tukunyar gidansa ce ta san bambancin.

Wane adadi ya kamata ka duba?

Rahoton na 2023 da kansa ya nuna sama da kashi 90 na masu aiki suna sana'o'in da ba su da rajista ko kariyar doka, wato ba fansho, ba hutun rashin lafiya. Masu karɓar albashi kuwa ba su kai kashi 15 ba. Akwai kuma rukunin masu ƙarancin aiki, waɗanda ba sa kaiwa sa'a 40 a mako alhali suna son ƙari. Mai acaɓan nan na ranar kasuwa a nan za ka same shi.