FASHIN BAƘI: Yadda atisaye da jaririn roba ya rage mutuwar jarirai a Tanzaniya

A cikin kowane jarirai goma da aka haifa, kusan ɗaya kan faɗo duniya shiru, ba ya jan numfashi da kansa sai an taimaka masa. Taimakon ba shi da tsada. Ana goge jikinsa da busasshen ƙyalle, a shafa bayansa, idan bai motsa ba a ɗora masa marfin roba a kan hanci da baki, a riƙa matsa jakar hura iska har ƙirjinsa ya ɗaga. Wahalar tana ga lokaci, domin ƙa'ida ita ce a fara hura iskar kafin minti ɗaya ya cika. Wani bincike da aka yi a asibitin Haydom da ke arewacin Tanzaniya ya gano cewa duk jinkirin daƙiƙa 30 yana ƙara haɗarin mutuwar jaririn ko doguwar jinya da kashi 16 cikin 100.

Ungozoma ba za ta koyi wannan aiki a kan jariri mai rai ba. A ƙaramin asibiti tana iya yin makonni ba ta gamu da irinsa ba, ranar da ya zo kuwa ba ta da sukunin tuno abin da aka rubuta mata a allo. Wannan ne dalilin horon kwaikwayo: a shirya yanayi mai kama da na gaske, a sa mutum-mutumi a gurbin majiyyaci, ma'aikaci ya yi kuskure ya gyara ba tare da an yi asarar rai ba.

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1960 Asmund Laerdal, wani mai ƙera kayan wasan yara a birnin Stavanger na ƙasar Norway, ya fito da mutum-mutumin Resusci Anne don koyar da hura numfashi baki da baki. Daga wannan gida ne daga baya aka samu NeoNatalie, jaririn roba da ake cikawa da ruwa har ya yi nauyin sabon haihuwa. Ba ya buƙatar lantarki. Mai koyarwa yana riƙe da 'yan ƙwallayen roba da yake matsawa, jaririn ya yi kuka, ko ya yi numfashi, ko cibiyarsa ta buga. Idan an ɗora marfin daidai ƙirjin yana ɗagawa. Idan iska tana zurarewa ta gefe, ba ya motsi, kuma mai koyo yana ganin kuskurensa da idonsa. Bayan an gama sai a zauna a bi abin da ya faru daki-daki: wa ya lura jaririn bai yi numfashi ba, daƙiƙa nawa aka ɓata wajen neman jakar.

Da wannan jaririn roba aka gina shirin Helping Babies Breathe, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta jagoranta, aka ƙaddamar da shi a duniya a 2010. Tanzaniya ta riga ta fara gwada shi a asibitoci takwas tun 2009. Sakamakon da mujallar Pediatrics ta wallafa a 2013 ya nuna mutuwar jarirai a cikin sa'o'i 24 na farko ta ragu da kashi 47 cikin 100, yawan waɗanda ake lissafawa a matsayin an haife su babu rai kuma ya ragu da kashi 24. Adadi na biyun yana da ɗaci, domin yana nuna akwai yiwuwar wasu daga cikin jariran da ake naɗewa a da, a ce ba su zo da rai ba, numfashi kawai suke jira.

Sai dai labarin da ya fi amfani ga masu tsara manufofi ya fito ne daga Haydom, inda aka ajiye mutane a ɗakin haihuwa suna rubuta abin da ake yi wa kowane jariri da lokacin da aka yi. An ba ma'aikatan horon yini ɗaya. Da aka sake jarraba su a kan jaririn roba bayan watanni, sun nuna ƙwarewa fiye da da. Amma a gaban jarirai na gaske, bayanan ba su nuna wani ci gaba ba. Ilimin yana kai, bai sauko hannu ba.

Daga 2011 asibitin ya sauya salo. Aka ajiye jaririn roba a ɗakin haihuwa, ungozomomi suna atisaye na 'yan mintuna a kai a kai, tare da abokan aikinsu, a wurin da suke karɓar haihuwa. Mutuwar jarirai a yinin farko ta sauko daga kusan 11 zuwa kusan 7 cikin kowace haihuwa 1,000. Kayan aikin bai canja ba, darasin ma shi ne. Maimaici aka ƙara, kuma aka kawo shi bakin aiki.

An faɗaɗa wannan tsari zuwa asibitoci 30 a yankuna biyar na Tanzaniya, aka haɗa da atisayen tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da na'urorin auna bugun zuciya, da bitar alƙaluman kowane asibiti. Rahoton da mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a 2025 ya nuna mutuwar jarirai a yinin farko ta ragu da kusan kashi 40. Adalci ne a faɗi cewa ba horon kaɗai aka shigo da shi a nan ba, kuma binciken farko-farko sun kwatanta kafin horo ne da bayansa, abin da ke barin ƙofa ga wasu dalilai. Duk da haka, sakamakon ya yi ta fuskantar alƙibla ɗaya cikin fiye da shekara goma.

Najeriya, tare da Indiya da Pakistan, na cikin ƙasashe uku da suka fi yawan mutuwar jarirai sabbin haihuwa a ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya. Horar da ma'aikatan lafiya kuwa kalma ce da ba ta ɓata a jawaban kasafin kuɗi. Siffar da aka fi sani ita ce taron bita a otel: kwana biyu ko uku, alawus, hoton rukuni, takardar shaida. Irin wannan taro yana da daɗin lissafi, domin ana iya cewa an horar da mutum kaza. Atisayen minti biyar a ɗakin haihuwa ba shi da bikin buɗewa, kuma yana buƙatar abubuwan da ba sa ɗaukar hoto: isassun ma'aikata yadda ungozoma za ta samu sararin yin sa, babbar ma'aikaciya da aka ɗora wa alhakin jagorantarsa, da shugabancin da zai bar ƙaramin ma'aikaci ya faɗi kuskurensa ba tare da tsoron takardar tuhuma ba.

Saboda haka idan kwamishinan lafiya ya sanar da adadin ungozomomin da aka horar, akwai tambayoyin da ɗan jarida ko ɗan majalisa zai iya bi da su. Jaririn robar yana ɗakin haihuwa ne ko yana kulle a sito? Yaushe aka yi atisaye na ƙarshe, kuma wa ya rubuta? Jakar hura iska tana kusa da gadon haihuwa, a wanke, da tsakar dare?