Ma'aunai Uku Ga Mai Ajiye Hatsi

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Madarunfa, tun daga bakin tafki har Ɗan Isa da ke iyaka da Jibiya, ya san cewa da kaka 'yan kasuwa kan sayi hatsi tiya-tiya da araha, su ɗura a buhuna su kulle a sito, sai damina ta kankama, rumbuna sun yi ƙasa, sa'an nan su fito da shi. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, farashi ya ninka, motoci na ta tsallakawa da hatsi zuwa Nijeriya inda ya fi daraja, alhali kuwa asibitocin Maraɗi sun cika da yara masu tamowa. To, shin mai sito ya yi laifi?

Bentham na Ingila, wanda ya rasu a 1832, zai ce a auna aƙibar aiki, watau amfanin da jama'a suka samu da cutar da ta same su. Wannan bai yi nisa da maslaha ba, kuma a kanta malaman Malikiyya suka gina hukuncin ihtikari: ajiya halal ce muddin ba ta cuci kasuwa ba, domin lalle manomin da ke neman kuɗin biki ko na biyan bashi yana bukatar mai saye da kaka, amma idan tsanani ya zo, shugaba na da ikon tilasta wa mai sito ya sayar. Kant na Jamus kuwa wajibi ya riƙe, ko an ci riba ko an faɗi. A wurinsa, kamar yadda Suratul Muɗaffifina ta riga ta tsawatar, mai bubbuga gindin tiya don ta rage ɗauka ba shi da uzuri ko na ƙwaya ɗaya.

Ma'auni na uku shi ne na Aristo da Imamu Gazali, wanda ke duban halin mutum kansa, abin da mu muke kira kirki da amana. A ganina shi ya fi nauyi, saboda muhtasibi mai sa ido a kasuwa ba ya kwana a sito. Mai mabuɗin ne kaɗai ke ganin matar da ta zo da kuɗin tiya guda ta koma da rabi.

Alhazan hatsi, kowa ya yanke wa kansa ribar da ta ishe shi tun da kaka, kafin yunwa ta shigo gari.