Haɗewar Masar da Siriya: ƙasar da aka haifa cikin guɗa, ta mutu bayan shekara uku da wata bakwai

Da asubahin ranar 28 ga watan Satumba na 1961, wasu rundunonin sojan Siriya suka shiga birnin Damaskus, suka mamaye gidan rediyo da hedikwatar soja. Kafin dare ya yi, sun saka Abdul Hakim Amir, babban hafsan sojan Masar kuma aminin shugaba Jamal Abdul Nasir, cikin jirgin sama, sun mayar da shi Alƙahira. Nan ne ƙarshen Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa, ƙasar da Masar da Siriya suka narke suka zama a 1958, shekarar da Nijar ta zama jamhuriya.

Wannan haɗewa ita ce gwaji mafi girma da masu kishin Larabci suka taɓa yi domin tabbatar da aƙidarsu, wadda ke cewa masu magana da Larabci al'umma ɗaya ce, Turawan mulkin mallaka ne suka yayyanka ta. Abin mamaki shi ne, ƴan Siriya ne suka je suka roƙi a haɗe, kuma su ne suka ɗauki bindiga suka raba.

Tsoro ne ya kai su Alƙahira

Tun da Faransa ta janye sojojinta a 1946, Siriya ba ta zauna lafiya ba. A cikin 1949 kaɗai an yi juyin mulki har sau uku. Zuwa 1957 sojoji sun rarrabu gida-gida, jam'iyyar kwaminisanci ta Khalid Bakdash na ƙara ƙarfi, Turkiyya ta girke dakaru a kan iyaka, yayin da Iraƙi, wadda ke cikin ƙawancen Bagadaza tare da Birtaniya, ta sa wa ƙasar ido. Kowane ɓangare na tsoron ɗan'uwansa zai riga shi kwace mulki.

A daidai lokacin kuwa tauraron Nasir na haskawa. A ranar 26 ga Yulin 1956 ya mayar da kamfanin mashigin ruwan Suwez mallakar Masar. Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka kai masa hari, amma matsin lambar Amurka da Tarayyar Sobiyet ya tilasta musu janyewa. Gidan rediyon Sautul Arab, da aka buɗe a Alƙahira a 1953, ya kai muryarsa har ƙauyukan da ba a karanta jarida. Ga talakan Damaskus ko Halab, an samu Balarabe da ya ja da Turawa kuma ya kwana lafiya.

A watan Janairun 1958 wata tawagar hafsoshin Siriya ƙarƙashin Afif al-Bizri ta tashi zuwa Alƙahira cikin dare, ba da iznin gwamnatinsu ba, suka nemi a haɗe ƙasashen biyu. Ministan harkokin waje Salahuddin al-Bitar, wanda shi da Michel Aflaq suka kafa jam'iyyar Ba'as mai rajin haɗin kan Larabawa, ya bi bayansu. Nasir ya gindaya sharuɗɗa masu nauyi: haɗewa ce ta gaba ɗaya, za a rushe dukkan jam'iyyun Siriya, sojoji kuma su cire hannu daga siyasa. Suka amince da duka. Ƴan Ba'as sun ɗauka cewa in an rushe sauran jam'iyyu, su ne za su riƙe Siriya da sunan Nasir.

Ranar 1 ga Fabrairu Nasir da shugaban Siriya Shukri al-Kuwatli suka shelanta sabuwar ƙasa. Bayan mako uku aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka ce fiye da kashi 99 cikin 100 sun amince. Daga tafiyar hafsoshi zuwa shela, ko wata guda ba a yi ba.

Girgizar da ta biyo baya

Sarakunan yankin sun firgita. A tsakiyar Fabrairu, Iraƙi da Jodan, waɗanda sarakunansu ƴan gida ɗaya ne, suka kafa tasu tarayyar. Ba ta yi wata shida ba: ranar 14 ga Yuli sojoji ƙarƙashin Abdul Karim Ƙasim suka kifar da sarautar Iraƙi, aka kashe Sarki Faisal na biyu. Washegari sojojin Amurka suka sauka a Bairut, na Birtaniya kuma suka nufi Jodan. Mutane da dama sun zaci Iraƙi za ta zama ta uku a haɗewar, amma Ƙasim ya ƙi, ya kuma zama babban abokin hamayyar Nasir.

Lardi, ba abokiyar tafiya ba

A cikin gida kuwa, tun farko ma'aunin ya karkata. Ƙasashen biyu ba su haɗa iyaka ba, kuma yawan jama'ar Masar ya ninka na Siriya fiye da sau biyar. Aka daina cewa Siriya a takardun hukuma, aka koma cewa Yankin Arewa. Fadar mulki na Alƙahira, kuma can ake yanke komai. An ba jagoran Ba'as Akram al-Haurani muƙamin mataimakin shugaban ƙasa, sai ya tarar kujera ce babu iko. A ƙarshen 1959 shi da Bitar suka ajiye aiki.

Wanda ya riƙe Siriya a zahiri shi ne Abdul Hamid al-Sarraj, shugaban leƙen asiri da ya zama ministan cikin gida, wanda aka sani da kame da azabtar da masu adawa. An sallami hafsoshin Siriya da yawa daga aiki, wasu kuma aka tura su Masar inda suka zauna babu aikin kirki, yayin da hafsoshin Masar suka riƙa samun manyan muƙamai a Damaskus.

Tattalin arziki ma bai taimaka ba. Dokar rabon filaye ta Satumbar 1958 ta fusata manyan masu gonaki, sannan fari ya afka wa ƙasar shekaru a jere, hatsi ya yi ƙaranci, dabbobi suka mutu. A Yulin 1961 Nasir ya fitar da dokokin da suka mayar da bankuna da kamfanonin inshora da manyan masana'antu hannun gwamnati. An tsara dokokin ne bisa yanayin Masar, alhali Siriya ƙasa ce ta fatake da ƴan kasuwa masu zaman kansu. Wata guda bayan haka aka soke gwamnatin yankin baki ɗaya, aka ɗauke Sarraj zuwa Alƙahira, shi ma ya yi murabus cikin fushi.

Haka aka wayi gari babu wani rukuni mai ƙarfi a Siriya da ke da dalilin kare haɗewar. Jagoran juyin mulkin, Abdul Karim al-Nahlawi, shi ne daraktan ofishin Amir kansa. Nasir ya tura ƴan laima zuwa birnin Ladhiƙiyya, daga baya ya dakatar da aikin, ya zaɓi kada a zubar da jinin Larabawa a kan batun. Cikin waɗanda suka sa hannu a takardar goyon bayan rabuwa har da Haurani da Bitar, mutanen da suka yi gaba-gaba wajen ɗaura auren.

Abin da ta bari

Masar ta ci gaba da amfani da sunan Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa har 1971, shekara guda bayan rasuwar Nasir. Amma gadon da ya fi nauyi a Siriya ya faɗa. Cikin hafsoshin da aka jibge a Masar, wasu ƴan Ba'as sun kafa kwamitin soja na asiri. Daga cikinsu akwai Muhammad Umran da Salah Jadid da wani matuƙin jirgin yaƙi mai suna Hafiz al-Assad. Su ne ƙashin bayan juyin mulkin Maris na 1963, kuma a 1970 Assad ya kwace mulki shi kaɗai. Gidansa ya riƙe ƙasar har Disambar 2024. Tutar da aka sauke a lokacin, mai ja da fari da baƙi da taurari biyu koraye, ita ce tutar haɗewar: tauraro ɗaya Masar, ɗaya Siriya.

An sake gwadawa daga baya. Tattaunawar Masar da Siriya da Iraƙi ta 1963 ta watse, tarayyar da Mu'ammar Gaddafi ya jawo Masar da Siriya cikinta a 1972 kuma ta tsaya a takarda. Wadda ta ɗore ita ce Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka kafa a 1971, inda kowace masarauta ta riƙe sarkinta da ikon harkokinta na cikin gida.

Masar da Siriya suna da harshe ɗaya, da tarihi mai tsawo tare, da jama'ar da suka fito titi da zuciya ɗaya suna murna. Abin da ba su zauna suka tsara ba shi ne wa zai yanke hukunci a kan me, da kuma inda ƙaramin zai kai kuka idan babban ya taka shi. Da babu wannan ƙofa, sai aka koma ga wadda sojojin Siriya suka saba da ita tun 1949.