Ƙwayar da Ake Cewa Tana Ƙarfafa Ƙashin Iyayenmu Mata, Ita Ke Cinye Shi

Akwai wani saƙon murya da ke yawo a wayoyin mata a Damari, har ya kai Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Mai maganar ba ta faɗi sunanta ba, balle inda ta yi karatun lafiya. Ta ce idan al'ada ta ɗauke wa mace, jinin da ya daina fita ne ke taruwa a gaɓoɓi ya zama sanyin ƙashi. Ta ce yawan haihuwa da shayarwa na tsotse ƙashin mace har abada, allurar tazarar haihuwa na ruɓar da shi, romon ƙashi kuma na mayar da shi. Daga ƙarshe ta kawo babbar shawararta: a je kemis a sayo ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira deksa, a riƙa sha kullum, wai suna kashe ciwo, su ƙara jiki, su ƙarfafa ƙashi.

Abu ɗaya ta faɗa daidai: ƙashin mace na yin rauni bayan ɗaukewar al'ada. Yawancin mata na kaiwa wannan mataki tsakanin shekara 45 zuwa 55. A lokacin ne sinadarin istirojin, wanda ke hana ƙashi saurin zaizayewa, yake ja baya. Jiki kullum yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. Da istirojin ya ragu sai rushewa ta fi gini sauri, musamman a shekarun farko. Ƙididdigar duniya ta nuna kusan mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta samu karaya saboda wannan zaizaya. Haɗarin ya fi yawa ga wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45, da siririya sosai, da wadda mahaifiyarta ta taɓa karyewa a ƙugu, da wadda ba ta motsa jiki.

Sauran maganganun ba su da nauyi. Babu wani jini da ke taruwa a gaɓoɓi. Mahaifa ce kawai ta daina shirya shi. Shayarwa na rage ƙashi kaɗan, amma yawanci yana dawowa bayan yaye. Allurar tazara ta wata uku kan rage ƙarfin ƙashi yayin da ake yin ta, akasarinsa kuma yana farfaɗowa idan an daina. Ba ruɓewa ba ce. Romon ƙashi abinci ne mai daɗi, sai dai kalsiyam ɗin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba.

Maganar deksa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ita ce mai iya kwantar da uwa a gado. Deksametason da ɗan'uwansa firednisolon magunguna ne masu ƙarfi na rukunin sitiroid. Likitoci na ba da su don asma mai tsanani da wasu cututtukan kumburi, da awo da wa'adi. Suna kwantar da ciwo da sauri, suna buɗe ciki, mai sha ya ji garau cikin kwana biyu. Wannan jin daɗin ne tarkon. A ɓoye suna danne ƙwayoyin halittar da ke gina ƙashi, suna hana hanji tsotsar kalsiyam, suna sa ƙoda ta zubar da shi a fitsari, suna kuma raunana naman cinya har mace ta riƙa faɗuwa. Wannan ba zato ba ne; sananne ne a ilimin likitanci cewa sitiroid ne kan gaba cikin magungunan da ke haddasa zaizayar ƙashi, kuma haɗarin karaya na tashi tun cikin wata 3 zuwa 6 na farkon shan su kullum. Ƙibar da ake murna da ita kuwa, kumburin fuska ne da tumbi, ga hawan jini da ciwon suga da gyambon ciki na biye.

Wato an ɗauki macen da ƙashinta ya riga ya fara raguwa, an miƙa mata abin da zai ninka raguwar, an kira shi magani. Zaizayar ƙashi kuma ba ta sallama. Kamar gara ce a azara: daga waje lafiya lau, sai ranar da ɗaki ya rufta. Ciwon gwiwa da iyayenmu ke kuka da shi galibi gogewar gaɓa ce, wata cuta daban. Alamun zaizaya su ne raguwar tsawo, da ranƙwafewar baya, da karaya a wuyan hannu ko ƙugu ko ƙashin baya daga ɗan tuntuɓe a tsakar gida.

Ba na ganin laifin tsohuwar da ta yarda. Gwiwa na hana ta ruku'u, matsalar tsaro ta sa zuwa asibitin Funtuwa ya zama abin fargaba, kemis kuma ga shi a bakin layi. Wadda na ga laifinta ita ce mai zama ta tsara wa dubban mata magani ba tare da sani ba, da mai kemis ɗin da ke ƙulla ƙwayoyin nan cikin haɗin ciwon jiki ba takardar likita, alhali ya san abin da suke.

Ga gargaɗi mai muhimmanci: wadda ta shafe makonni tana sha kada ta yanke lokaci ɗaya. Jiki ya saba, yankewa farat ɗaya na iya jawo faɗuwar jini da suma, har da rasa rai. A kai ta wurin ma'aikacin lafiya da kwalin maganin a hannu, a rage mata a hankali.

Abin da ke taimakon ƙashi da gaske yana kusa da mu. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu duk suna da kalsiyam. Hasken rana a fata na sa jiki ya samar da bitamin D, don haka a bar Inna ta sha hantsi a tsakar gida. Tafiya da ƙananan aikace-aikace sun fi mata zaman tabarma. Kada a hana ta motsi da sunan gata. A gyara santsin makewayi, a sa fitila a hanyar alwalar asuba. Idan ta faɗi ta kasa tashi, batun ƙugu ya fi ƙarfin mai ɗori. Asibiti za a nufa, ko da zai kai ga Shika a Zariya ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Akwai magungunan da ke rage zaizaya, likita ne ke tantance wadda ta dace da su.

Duk wanda ya tura saƙon nan, ya bi sawu ya warware shi a wuraren da ya tura. Yau ɗin nan kuma kowa ya buɗe ledar magungunan mahaifiyarsa ya karanta sunayen da ke jiki.